Ranar da Na Ƙi Jan Kujerar Malam

Ba zan taɓa mantawa da ƙarar nan ba, ko da yake ƙarama ce ƙwarai. Makulli ne ya faɗi a kan farantin shayi, ya bugi gindin kofi, ya yi ƙil. Ina durƙushe gaban murhun gawayi ina tsaron madara kada ta zube, na ɗago kai, sai na ga hannun Malam na dama yana komawa kan cinyarsa a hankali. Makullin motarsa ne ya jefo.

"Ki kai musu," in ji shi.

Kalma uku ce, amma sai da ya huta a tsakiyarsu.

Bari in ɗan koma baya, don ku gane abin da ya sa madarar ta zube duk da tsaron da nake yi mata. Malam mijina ne. Ba malamin makaranta ba ne, direba ne, sunan dai ya bi shi tun yana saurayi saboda ba ya bari lokacin salla ya wuce shi a hanya, ko da fasinjoji za su yi ta gunaguni. Shekara da shekaru yana ɗaukar mutanen ƙauyenmu zuwa kasuwar Wad Haddad a tsohuwar motarsa mai dogon baya, irin wadda wurin kayanta a haɗe yake da wurin zaman mutane. Dogo ne na gaske, ba ƙofar da yake shiga a ƙauyen nan bai sunkuya ba. Wata bakwai kafin wannan safiya hawan jini ya kayar da shi a bakin tur'a, babbar magudanar da ke shayar da gonakinmu, yana cikin alwala. Da ya farfaɗo, ɓarin jikinsa na hagu ba ya jin maganarsa, harshensa ma ya yi nauyi. (Duk wannan kafin yaƙi ne, lokacin da mutum yake fita da safe da tabbacin hanyar da ya bi ita zai biyo ya dawo.)

Tun daga nan motar take tsaye ƙarƙashin dogonyaro a tsakar gida. Kowace Juma'a bayan la'asar yakan ciro makullin daga aljihu ya miƙo mini, in tayar da ita kada batir ya mutu. Ni ina ciki, shi yana kishingiɗe a gadon igiya ƙarƙashin rumfa, ya rufe ido yana sauraron injin kamar mai sauraron karatu. In na kashe, in mayar masa, ya sa a aljihu. Bai taɓa cewa zai sake tuƙi ba. Ni ma ban taɓa cewa ba zai sake ba. Haka muka zauna, kowa yana tsaron bakinsa saboda ɗayan.

To a wannan safiyar yayata Hauwa ce ta faɗo mana, tob ɗinta, wato laffayar da ta yafa, a karkace, ko sallamar kirki ba ta gama ba. 'Yarta Mawahib aka ɗaura wa aure jiyan, yau kuma ranar fatur ɗin ango, wato karin kumallon da uwar amarya ke aikawa gidan surukai, wanda da shi ake auna darajar gida. Mai boksi, wato a-kori-kura, da aka yi magana da shi zai kai abincin ya bugo waya ya ce ruwa ya ɓalle a hanyarsu, motarsa ta kafe cikin laka.

"Abinci ya nuna, mata sun yi ado, babu mota!" in ji Yaya. "In rana ta take ba mu kai ba, da wane ido zan kalli Hajja Sakina?"

Hajja Sakina ita ce uwar ango. Yaya ba roƙon mota ta zo yi ba, wallahi, ko kallon dogonyaron ba ta yi ba. Kuka ta zo yi a inda ta san za a saurare ta. Malam ne ya ji, ya jefo makulli.

Na iya tuƙi, kada ku ce. Shi ya koya mini a bakin tur'a muna sabon aure, ya ce matar direba ba za ta zauna ba ta san birki da totur ba. Kuma kafin ya bar ni in murɗa makulli a wancan zamani, sai mun yi abin da yake kira gaisawa da mota: a ja kujera, a daidaita sitiyari, a gyara madubi, a ɗaura bel, sannan a yi bisimilla. Har gajiya nake yi da shi.

Na je na buɗe ƙofar. Ga kujerarsa nan a can ƙarshe, inda dogayen ƙafafunsa suka saba, bayanta ya lotsa daidai siffar bayansa. Ga carbinsa rataye a madubi. Ni kuwa in na tsaya kusa da Malam, kaina a aljihun rigarsa yake tsayawa. Ranakun Juma'a ban taɓa buƙatar taɓa kujerar ba, tunda ba tafiya za a yi ba. Yau dole. Na sa hannu ƙarƙashi, na laluba ƙarfen da ake ɗagawa, na kama shi. Sai na tuna kukan da kujerar nan take yi in an ja ta, ƙarrr-ƙat, har maƙwabta sukan ji. Na waiga. Malam yana zaune a rumfa, tsakaninmu bai fi taku goma ba, fuskarsa tana wajena.

Zuciyata ta ce mini: in ya ji wannan ƙara, kamar kin ce masa ne an tashe ka daga wurinka. Mutumin da ya rasa ƙafa da hannu da rabin magana, ki bar masa kujerarsa mana.

Na saki ƙarfen. Na kira autata Ihsan, shekarunta bakwai a lokacin, na ce ta kawo mini matashi biyu.

"Yumma, barci za ki yi a mota?"

"Kawo dai, ke."

Yarinya da son kyau, sai ta je ta ɗauko na baƙi, masu rigar satin mai sulɓi, waɗanda ko a kan gado ba sa zama wuri ɗaya. Na sa ɗaya a bayana, na hau kan ɗaya. Na miƙa ƙafa, ɗan yatsana ya taɓa birki. Na ce alhamdulillahi, ai ya kai. (Ni ce fa na yi sakandare a Hasahisa. Ni ce na haddace cewa duk abin da yake tafiya zai ci gaba da tafiya sai an tsayar da shi, har malamarmu ta sa aka tafa mini. Ilimin yana nan a kaina, ranar dai hutu ya ɗauka.)

A gidan Yaya muka tarar da Gwaggo Azumi, ƙanwar mahaifinmu, ta karɓi ragamar lodi. Gwaggo ta haura saba'in, kuma tunda nake ban taɓa jin wanda ya ce mata a'a ya kwana lafiya ba.

Na san dokar Malam a kan kaya kamar yadda na san Fatiha. Mai nauyi a ƙasa, a jingine da bayan kujera. Kada komai ya wuce tsayin kujerar. A ɗaure da igiya. Madubin tsakiya ya riƙa ganin hanya. Na sha ganin ya sauke fasinjoji cikin rana don ya gyara zaman buhu ɗaya. Dokar Gwaggo kuwa daban take: abin da ya fara nuna shi ya fara shiga. Farantan kisra, wainar nan ta dawa mai faɗi marar kauri, da na masa, da aka gama tun asuba, su aka shimfiɗa a ƙasa. Aka ɗora kwanonin tuwon asida a kansu, aka rufe da faifai masu launi. Sai a ƙarshe mata biyu suka ciccibo babbar tukunyar tagaliyya, jar miyar nan ta busasshen nama da garin kuɓewa, yanzu aka sauke ta daga wuta, suka ɗora ta can sama. Gindinta ya wuce kan kujerar baya da tafin hannu guda.

Na buɗe ƙarƙashin kujera na ciro igiyar Malam.

"Mi za ki yi da igiya?" in ji Gwaggo.

"Gwaggo, tukunyar zan ɗan ɗaure, saboda hanya."

"La ilaha illallahu! Ku ji mini wagga yarinya. Abincin aure za ki ɗaure? Kina son ki ɗaure wa ɗiyar 'yar'uwarki arziki tun ba ta zauna ɗaki ba? Mu da munka kai fatur bisa jakkai ba mu ɗaure ba, sai ke mai arabiyya mai taya huɗu?"

Na san camfi ne. Ni ce nake tunatar da matan unguwarmu a makarantar Asabar cewa arziki a hannun Allah yake, ba a bakin igiya ba. Amma Yaya tana kallona da jajayen idanu, sai na ji hannuna yana naɗe igiyar da kansa.

"Ni zan riƙe ta," Gwaggo ta ce, ta shiga tsakiyar kujerar baya da farin tob ɗinta na Makka, ta miƙa hannu ta baya ta kama kunnen tukunyar. Hannun tsohuwa ɗaya, ga tukunyar da sai mata biyu suka iya ɗagawa. Maƙwabtanmu biyu suka zauna gefe da gefenta. Ihsan ta shiga gaba, ta ja bel ta ɗaura ba wanda ya ce mata, don a motar babanta haka ta tashi ta gani. Ni nawa bel ɗin da na ja, a wuya ya tsaya mini saboda tudun matashin, sai na sake shi.

Muka kama hanyar bakin tur'a. Ku yi tunanin zamana. Hannuwana a miƙe tsaf kamar mai miƙa tire daga nesa. Sitiyarin yana sama inda Malam ya bar shi, ta tsakaninsa nake leƙen hanya. In zan canza giya sai na zame gaba in taka kuloci da ɗan yatsa, sannan in ja jiki in koma kan matashi. Madubin tsakiya ba abin da yake nuna mini sai rufin mota da murfin tukunya. Duk ramin da muka faɗa, matashin ƙasa ya matsa gaba kaɗan, na baya ya zame gefe.

Don tsoro, tafiya nake yi kamar mai rakiyar mara lafiya. Wani mai amalanken jaki ya cim mana, ya jera da tagata ya ce, "Salamu alaikum, ya hajja. In gaya musu kuna tafe?" Matan baya suka kwashe da dariya, ni ma na yi yaƙe.

A nan ne ya kamata in faɗi gaskiya. Mun yi nisa da gida, Malam ba zai ji komai ba. Ba abin da ya hana in tsaya gefen gonar auduga in ja kujerar nan, in gyara zama. Na yi tunanin hakan, har sau uku. Amma in na tsaya, sai na yi wa Gwaggo bayanin abin da ya sa tun farko ban gyara ba, sai matan nan su gane direbar da suka ba amanar ransu ƙafarta ba ta kai birki sosai. Tausayi ne ya fitar da ni daga gida a haka, ban musa ba. Daga bakin gonar audugar nan kuwa girman kai ne ya karɓi tuƙin.

Ƙauyen su ango yana bayan wata 'yar gada ce da ke kan ƙaramar magudana. In ka hau gadar, sai gangare zuwa filin ƙofar gidansu. Tun daga nesa muka hango rumfar da aka kafa, maza sun cika kujeru da fararen jallabiya, mata sun yi dafifi a bakin ƙofa. Da suka gano mu sai guɗa ta tashi.

"Danna musu hon," in ji Gwaggo. "Kuma ki ƙara wuta, kada mu shiga kamar masu zuwa gaisuwar mutuwa."

Na ƙara wuta. Motar ta hau tudun gadar, ta yi tsalle ta dira. Matashin da nake kai ya fice daga ƙarƙashina kamar kifi, ya faɗa wajen ƙafafuna. Na nutse. Hanya ta ɓace mini, ba na ganin komai sai allurar mai. Ga gangare, ga mota tana tafiya, ga rumfa cike da mutane. Na miƙa ƙafa, yatsana ya shafi birki ya zame. Na sake miƙawa, na taka matashi. Na ce ya Ladifu, na rungume sitiyari da hannu biyu, na sulale da dukan jikina ƙasa, na shure matashin, na dira wa birki da duk nauyin da Allah ya ba ni.

Motar ta tsaya cak, injin ya mutu. Daga baya aka ce tsakaninmu da randunan ruwan da aka jera a bakin rumfa bai fi kamu ɗaya ba. Aka kuma ce abin da mutane suka gani shi ne mota ta gangaro babu direba, sai hannuwa biyu masu lalle a kan sitiyari.

Mu mun tsaya. Tukunya ba ta tsaya ba.

Na ji wani abu ya wuce fiu ta tsakanin kujerun gaba ya daki rediyo. Murfin ƙarfen ne. Sannan na ji wata ƙara mai taushi, doguwa, kamar an juye bokiti a kan katifa. Guɗa ta yanke a tsakiya. Masa guda ta gangaro ta tsaya a kan ƙafata.

Na ja jiki na tashi, na fara duba Ihsan. Tana zaune daram, bel ya riƙe ta, idanunta waje. Murfin nan ta gefen kunnenta ya wuce. Har yau in na tuna tazarar da ke tsakaninsu, sai na ajiye abin da ke hannuna na zauna.

Sannan na waiga baya. Gwaggo Azumi tana zaune yadda take, hannunta har yanzu a riƙe da kunnen tukunya, sai dai tukunyar yanzu a kan kafaɗarta take, a kife. Daga tsakiyar kanta har cinyarta ja wur. Kun san kuɓewa ba ta zuba ta wuce, sai ta yi ta ja. Wani zare na miya yana saukowa daga haɓarta a hankali, kowa yana kallonsa. Luɗufin Allah, tafiyar hawainiyar da na yi a hanya ta sa miyar ta huce, ba ta ƙona ta ba.

Matan gefenta suka fara salati suna neman goge ta.

"Kada wadda ta taɓa ni!" in ji Gwaggo. Ta tattare bakin tob ɗinta da hannu biyu, miya ta taru a ciki kamar a ƙwarya. "Ku kawo kwano. Naman duk yana nan."

Wani ya fara dariya a rumfa, ya mayar da ita tari. Ni kuwa ina roƙon ƙasa ta buɗe. Na ɗauka iyakar kunyar ke nan. Ashe da saura.

Wani dattijo ya taso daga cikin maza, kawun ango ne, tsohon direban lori. Ya buɗe ƙofata, ya sunkuya ya ɗauko matashin satin da yatsa biyu, ya ɗaga shi yana dubawa, jama'a duk suna gani.

"Ya bitti, 'yata, fito."

Na fito, bayan na warware tob ɗina daga jikin giya. Ya sa hannu ƙarƙashin kujera. Ƙarrr-ƙat. Abin da na yi ta gudu tun safe, bai ɗauke shi numfashi biyu ba.

"Shiga. Taka kuloci har ƙasa. Gwiwarki ta ɗan lanƙwashe? Yawwa, haka ake so." Ya saki ƙarfen ƙarƙashin sitiyari, ya sauko da shi, ya kulle. "Jingina bayanki. Miƙo hannu. Wuyan hannunki ya hau saman sitiyari ba ki ɗago baya ba? Kwayyis, ya yi daidai. Yanzu gyara madubi da kanki, idonki ne ba nawa ba."

Haka aka yi mini darasi a gaban mazan gari guda, ina cewa to, to, kamar 'yar aji ɗaya. Ya zaga baya ya dubi lodin, ya girgiza kai. Sai idonsa ya faɗa kan carbin da ke madubi, ya ja da baya ya ƙare wa motar kallo.

"Wannan ba motar Malam dogo ba ce, na hanyar Wad Haddad?"

"Ita ce, Baba. Maigidana ne."

"Wa ya koya miki tuƙi?"

"Shi."

"A'a," in ji shi, a hankali. "Na san Malam. Ba haka ya koya miki ba."

Daga bayansa na ji wani yana cewa, "Allah sarki. Ai tun da ciwo ya kwantar da shi, shi ke nan. Gida ba mai lura." Wasu suka amsa da Allah ya ba shi lafiya, cikin muryar nan ta tausayi da ake yi wa wanda aka riga aka cire daga lissafi.

Wannan ita ce ta shige ni. Miyar da ta zube a jikin Gwaggo ana wanke ta. Amma ni da na fito don in tsare wa Malam martabarsa, ni ce na ɗauko sunansa na kawo wani gari ana yi masa Allah sarki.

Hajja Sakina, Allah ya saka mata da alheri, ta fito da kanta ta kama hannun Gwaggo. Kafin su shiga, ta dangwali miyar da ke kwanon ta kai baki, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Wallahi Hauwa ta iya miya. Ku shigo da sauran, abincin da ya sha hanya haka ya fi albarka." Aka ci kisra da abin da Gwaggo ta ceto, aka cika da miyar gidansu. Yaya ta yi kwana huɗu ba ta ɗaga wayata, a na biyar ta kira tana dariya har ba ta iya magana. Har yanzu in na je ƙauyen, Direbar Tagaliyya suke ce mini, yaran da ba a haifa ba a lokacin ma sun san sunan.

Da za mu dawo, na ji kunyar sauƙin da tuƙin ya yi. Ƙafata tana kai ko'ina, ina ganin hanya, ina ganin bayana. Da muka kusa gida na tsaya a bakin tur'a, na sa hannu ƙarƙashin kujera da niyyar in mayar da ita inda take, in shiga gida kamar ba a yi ba. Ihsan tana kallon hannuna. Na ga abin da zan koya mata ke nan, na cire hannun.

Malam yana inda na bar shi. Labari ya riga ni isowa, waya ba ta bar kowa da sirri ba. Na durƙusa gefen gadon, ƙamshin miya yana tashi daga jikina.

"Ihsan?" in ji shi.

"Lafiyarta ƙalau."

"Gwaggo?"

"Ta jiƙe."

Kafaɗarsa ta dama ta fara rawa. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya ce, da rabin baki, irin wadda rabona da ji tun kafin ya faɗi. Sai da ya gama ya share ido, sannan ya dube ni sosai.

"Me ya hana ki... jan kujera?"

Na sunkuyar da kai. "Ban so ka ji ƙararta ba, Malam."

In zai yi doguwar magana sai ya tattara ta tukuna.

"Ita nake jira," ya ce. "Na kasa kunne... ban ji ba. Na ga matashi. Na kira ki... muryar ba ta kai ba. Tun da kuka fita... ban sha ruwa ba."

Ashe duk safiyar nan yana zaune da abin da ya sani a matsayinsa na direba, matarsa da 'yarsa suna kan hanya a motar da ƙafa ba ta kai birki, shi kuma ba ƙafar bin mu, ba muryar tsayar da mu. Wannan shi ne tausayin da na yi masa.

Ya miƙo hannun dama ya dafa kaina. "Makulli na ba ki," ya ce. "Ban ba ki... tsawona ba."

Abin da na koya, in ma na koya, ba mai yawa ba ne. Na gane akwai tausayin da mutum yake yi don ya huta da kallon fuskar wanda yake tausaya wa, ba don shi wancan ɗin ya huta ba, kuma irin wannan ba ya tambayar mai shi me yake so. Na kuma gane birki bai san kara ba, bai san surukuta ba, bai san Gwaggo ba. Yanzu duk motar da zan tuƙa sai na gaisa da ita tukuna, ko mutum goma ke jirana. Kaya kuwa ina ɗaure su tam, na biki ne ko na suna, sai dai in yafa zane a kan igiyar saboda masu ido. Gwaggo ta gani sau ɗaya, ta kawar da kai ta ce zanen yana da kyau. A gaba take zama yanzu.

Sati guda bayan haka ranar zuwansa asibiti ta zo, inda ake motsa masa jiki. A da maƙwabci ne ke kai shi. Ranar ya ce a gaya wa maƙwabci ya huta. Muka taimaka masa ni da ƙaninsa har bakin mota. Na buɗe masa gaba, ya girgiza kai, ya nuna kujerar da ke bayan direba. Ban so ba. Mutumin da ya shekara ashirin a gaba, yau a bayana. Na shiga, na gyara madubi, na ga fuskarsa a ciki, sai idona ya cika.

Ihsan ce zaune kusa da shi, ta sunkuya tana duba ƙasa. Sai ta taɓo kafaɗata.

"Yumma, kada ki sake mayar da kujerar nan baya. Kin ga yanzu Baba ya miƙe ƙafarsa duka."